Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Shari'a: Kada A Tasa Ƙeyar Mai Neman Mafaka Kafin Alƙali Ya Ji Ta Bakinsa

Zuwa ga Mai Girma Ministan Shari'a kuma Babban Lauyan Tarayya, Abuja.

Kwafi ga Babban Alƙalin Babbar Kotun Tarayya, da Kwamishinan Tarayya mai kula da 'yan gudun hijira, da Shugaban Hukumar Shige da Fice.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da abokan aiki, Allah ya taya ka riƙon wannan amana. Ni tsohon tafinta ne, a kotunan Gombe na yi aikina har na ajiye. Ina rubuto maka wannan takarda da yawun wasu mutanen garin nan da suka ɗora mini nauyin magana: masu unguwanni da limamai da fastoci da suka sauki baƙi a gidajensu, 'yan kasuwar da suka ba su gefen rumfa ko ɗan jari, da wasu matasan lauyoyi da ke bin lamarinsu ba su karɓar ko sisi. A bayanmu kuma akwai waɗanda ba su da bakin magana a ƙasar nan, wato baƙin da suka gudo daga Kamaru, Sudan, Afirka ta Tsakiya da wasu sassan Nijar, suka nemi mafaka aka ce ba su cancanta ba.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wani sakaci da aka bari ya samu gindin zama. Mutum zai nemi mafaka a hana shi, sannan a iya tasa ƙeyarsa zuwa inda ya gudo ba tare da wani alƙali ya taɓa ɗora ido a kansa ba. Ba mu ce duk wanda ya nema a ba shi ba. Hukuma tana da ikon tantancewa, kuma mun san akwai masu neman abinci da ke fakewa da sunan gudun hijira. Roƙonmu shi ne, idan an hana mutum mafaka, a bar masa ƙofar kotu a buɗe, kuma kada a fitar da shi daga Najeriya sai kotu ta gama magana.

Wani zai ce me ya haɗa Gombe da wannan zance, tunda ba mu da iyaka da wata ƙasa. Muna maƙwabtaka da Borno da Yobe da Adamawa da Taraba, kuma wanda ya tsallako ta Banki ko Mubi ko Gembu yana neman inda hankalinsa zai kwanta, sau da yawa a tashoshinmu mota ke sauke shi. A 2014, lokacin da Damboa da Gwoza da Bama suka faɗa hannun Boko Haram, mutanen garin nan suka koyi raba ɗaki da kwano da wanda ya gudo. A cikin waɗannan ayarin muka fara ganin waɗanda ba 'yan ƙasa ba. Harshe ɗaya, sutura ɗaya, sai dai takarda daban, ko babu takardar ma sam.

Akwai kuma tsohon bashi a wuyanmu. A Burmi, nan kusa da Bajoga, Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a watan Yulin 1903. Daga nan ragowar jama'arsa suka nausa gabas ƙarƙashin ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, har suka yada zango a gaɓar kogin Nilu a Sudan, inda garin Mai Wurno yake har gobe. Ba a koro su ba. Jikokinsu, da jikokin alhazan ƙafa da suka zauna a hanyar Makka, su ne Hausawan Sudan da aka kashe da dama a rikicin jihar Bulu Nayil a watan Yulin 2022, kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya haɗa kowa da kowa. Idan ɗayansu ya biyo sawun kakansa ya dawo yau, a idon doka ɗan Sudan ne, baƙo ne, mafaka zai nema kamar kowa.

Ranka ya daɗe, ka fi mu sanin doka, amma jama'a za su karanta wannan wasiƙa, don haka bari in ambaci abin da Najeriya ta riga ta ɗaure kanta da shi. Sashe na 33 na yarjejeniyar Janiba ta 1951, wadda ƙasar nan ta shiga a 1967, ya hana mayar da ɗan gudun hijira inda rayuwarsa ko 'yancinsa ke cikin haɗari saboda ƙabilarsa, addininsa ko ra'ayinsa na siyasa. Yarjejeniyar ƙasashen Afirka da aka ƙulla a Adis Ababa a 1969 ta ƙara faɗi, ta haɗa da wanda ya gudo saboda mamaya ko tashin hankalin da ya rikita ƙasarsa ko da ba shi kaɗai ake farauta ba, ta kuma hana a juya shi tun daga bakin iyaka. Kundin haƙƙin ɗan'adam na Afirka, wanda ya zama dokar cikin gida a Najeriya tun 1983, ya hana korar baƙi a jimlace. Dokar soja mai lamba 52 ta 1989 ta kafa hukumar 'yan gudun hijira tare da kwamitin tantancewa da kwamitin ɗaukaka ƙara, an kuma sabunta dokar hukumar a 2022. Sashe na 251 na kundin tsarin mulkin 1999 ya danƙa wa Babbar Kotun Tarayya shari'ar baƙi da tasa ƙeyarsu, haƙƙin a saurari mutum cikin adalci da ke sashe na 36 kuwa na kowa ne, ɗan ƙasa da baƙo.

Duk wannan, ban da sabuntawar 2022, yana nan a rubuce ranar 5 ga Janairun 2018, lokacin da jami'an tsaro suka kama Sisiku Ayuk Tabe, jagoran 'yan awaren yankin Kamaru mai magana da Ingilishi, tare da abokansa a wani otal a Abuja. Shi kansa ya yi aiki a Jami'ar Amurka da ke Yola, kuma cikin waɗanda aka kama akwai malaman jami'o'in Arewa. Kafin watan ya ƙare aka miƙa mutum 47 ga hukumomin Kamaru. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito ta ce yawancinsu sun riga sun shigar da buƙatar neman mafaka, kuma miƙa su ya saɓa wa doka. Ranar 1 ga Maris 2019 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukuncin cewa kamun da korar haramtattu ne, ta ba da umarnin a dawo da su a kuma biya su diyya. A watan Agustan wannan shekarar kotun soji a Yawunde ta yanke wa Ayuk Tabe da mutum tara ɗaurin rai da rai.

Ban kawo wannan don goyon bayan aware ba. Ra'ayina a kan rikicin Kamaru daban, kuma ba shi ne a gabanmu ba. Abin da nake so a duba shi ne yadda abubuwan suka biyo juna. Kotu ta yi aikinta, ta faɗi gaskiya, amma sai bayan fiye da shekara guda da sauke mutanen a hannun waɗanda suka guje wa. Hukuncin ya zama ihu bayan hari. Alƙalin Najeriya ba shi da iko da kurkukun Yawunde, takardarsa ba ta buɗe ƙofar can. Kuma waɗannan fa mutane ne masu digiri da manyan lauyoyi, gidajen rediyon duniya suna ambaton sunayensu. Idan haka ta faru da su, ina ga mai ɗinki ko mai tallan ƙosai da babu wanda ya san ranar da aka ɗauke shi?

Kukanmu na farko a kan takardar hanawa ne. Wani tela, magidanci daga yankin Damazin a Sudan, ya zo wurina da wata takarda da ya naɗe cikin leda ya sa a aljihun ciki. Ta sha ninki har ta fara yagewa, ya liƙe ta da salatif. Ya miƙo mini da hannu biyu ya ce, "Malam, duba mini ko lokacin sabunta ta ya yi." Ya ɗauka izinin zama ce, har yana nuna ta a shingen bincike. Layuka ne kaɗan da Turanci, suna cewa an duba buƙatarsa ba a amince ba. Mutumin nan yana karanta Larabci da ajami tiryan-tiryan, amma babu wanda ya karanta masa wannan takarda ranar da aka ba shi. Tun dokar 1989 kwana 30 aka ba wanda aka hana ya ɗaukaka ƙara, shi kuwa nasa wa'adin ya daɗe da wucewa takardar tana aljihunsa. Da na tambaye shi yadda ganawar ta kasance, abin da ya iya tunawa shi ne mai tambayar ya yi ta nanata cewa Hausarsa ta yi kyau da yawa a ce daga Sudan ya fito.

Takarda irin wannan ba ta ba mutum abin da zai kare kansa da shi. Wanda ya yi aiki a kotu ya san ba a ɗaukaka ƙara a kan iska, sai an ga dalilin da aka kafa hukunci a kai kafin a ce ga inda aka kuskure. Shin labarinsa ne ba a yarda da shi ba? Ko an yarda, amma ana ganin garinsu ya lafa? Ko an ɗauke shi ɗan wata ƙasa ce daban? Kowanne da irin hujjar da ake kawowa a kansa. Idan takardar ta yi shiru, lauya ba shi da abin kamawa, alƙali ma haka.

Na biyu, ita kanta ganawar da ake gina hukuncin a kanta. Tafinta ya san abin da ke salwanta tsakanin bakin mai magana da alƙalamin mai rubutu. Mutumin karkara ba ya lissafi da kwanan watan bature. Zai ce maka bayan girbin gero, ko ana saura kwana kaɗan azumi. Idan aka matsa masa sai ya faɗi rana da wata, zai faɗi abin da ya zo bakinsa don ya huta, gobe ya faɗi wani, a rubuta cewa maganarsa tana tufka da warwara. Wata baiwar Allah daga yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, da ke suyar awara a bakin wata tasha a nan garin, namiji ne ya yi mata tambayoyi, kuma ƙanin mijinta ne ya yi mata tafinta. Abin da aka yi mata a daji ba zai faɗu a gaban waɗannan mutum biyu ba, kowace 'yar Arewa ta san haka. Ta ce yunwa ce ta koro su. Aka rubuta yunwa, aka hana ta. Sai daga baya matar mai gidan da ya sauke ta ta ji ainihin labarin, suna tsakar gida suna tsince wake. Kuskure irin wannan ba sai da mugunta ake yin sa ba, gajiya da gaggawa da rashin tafinta mai kyau sun isa. Dalilin da ya sa ake buƙatar ido na biyu ke nan, idon wanda ba ma'aikacin ofishin da ya yanke hukuncin farko ba.

Na uku nisa ne. Daga Gombe zuwa Abuja tafiyar yini ce ta Bauchi da Jos, ga kuɗin mota, ga shinge bayan shinge. Wanda takardarsa ta mutu kowane shinge barazana ne gare shi. Da yawa sukan haƙura da haƙƙinsu don tsoron hanya kawai.

Na huɗu shi ne wanda ya fi hana mu barci. Babu wani abu a aikace da ke tsayar da mota idan mutum ya ce maganarsa tana gaban hukuma ko gaban kotu. Wani saurayi da ke taya wani ɗan kasuwa jiran shago, yana riƙe da shaidar cewa ana kan duba ƙorafinsa, aka haɗa da shi a wani samame ranar wata Juma'a da yamma. Uban ɗakinsa ya yi ta zarya daga wannan ofis zuwa wancan, kowa ya ce ba a hannunsu yake ba. Lauya ya kwana yana shirya takardun neman umarnin kotu, amma rajistar kotu sai Litinin. Kafin a buga wa takardun hatimi yaron ya riga ya tsallake iyaka, wayarsa a kashe. Wa za a kai ƙara, a kan wane mutum, tunda babu littafin da aka rubuta sunansa? Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce wanda aka tsare bisa zargin laifi a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. A garin Gombe akwai Babbar Kotun Tarayya, akwai ma Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ba rashin kotu ne ya hana a kai shi ba.

Abin da ke biyo baya mu ke gani. Mata da yara sukan rage a wuyan mai masauki, wanda shi ma da ƙyar yake ciyar da nasa. Sauran baƙin da suka ji labari sai su shige ƙarƙashin ƙasa. Su daina kai yara makaranta, mai ciki ta ƙi zuwa awo, wanda aka cuta a kasuwa ya haɗiye don kada ya kusanci hukuma. Ɓata-gari kuwa sun san wanda ba shi da inda zai kai kuka, su suke fara tatsa. Mai unguwa da a da ya san kowane baƙo da sunansa yanzu ana ɓoye masa. Wannan bai amfani tsaron kowa ba.

Mun san maganar tsaro ce za a fara kawo mana, kuma ba mu raina ta ba. Mu ne muka kwashe gawarwaki a Tashar Dukku a watan Disambar 2014, muka sake kwashewa a babbar kasuwa ana shirin ƙaramar sallah a 2015. Babu wanda zai koya wa mutumin Gombe tsoron baƙon da ba a san asalinsa ba. Amma doka ta riga ta yi tanadi. Yarjejeniyar 1951 ta cire wanda ya aikata laifin yaƙi ko wani babban laifi daga cikin masu cancanta, ta kuma yarda a ɗauki mataki a kan wanda ya zama haɗari ga ƙasar da ta sauke shi. Wanda ake zargi da ta'addanci a gurfanar da shi, muna da dokar ta'addanci da kotunan da ke shari'arta. Wanda wata ƙasa ke nema da laifi, akwai dokar miƙa masu laifi, kuma ta gaban alƙali take bi. Iyaka ɗaya ce ba ta da togiya: sashe na 3 na yarjejeniyar hana azabtarwa, wadda Najeriya ta amince da ita a 2001, ya hana miƙa kowa, ko wane ne shi, inda akwai ƙwaƙƙwaran dalilin cewa za a azabtar da shi. Hukumar da ke da hujja ba ta da abin tsoro a gaban alƙali.

Tarihinmu ya nuna mana abin da kan faru idan jami'i shi kaɗai ne mai yanke wa mutum asali. A watan Janairun 1980 aka ɗauke Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin jihar Barno, aka kai shi Chadi aka ajiye, wai ba ɗan Najeriya ba ne. Babbar kotu a Maiduguri ce ta soke wannan kora ta ba shi diyya. Dattawan yankin nan ba su manta ba. Zaɓaɓɓen ɗan majalisa ne, da jam'iyya a bayansa, shi ya sa aka ji. A yankin da iyaka ta ratsa tsakiyar dangi, inda Bafulatani ko Babarbare ke da kawu a Marwa da gwaggo a Difa, samamen da babu alƙali a cikinsa ba ya tsayawa kan baƙi. Ɗan ƙasar da bai yi katin shaida ba yana iya kwana a wata ƙasa. Haka kuma ba mu manta da korar 1983 ba, da aka fitar da baƙi kusan miliyan biyu cikin 'yan makonni, kamar yadda Gana ta kori namu a 1969 suka dawo hannu rabbana.

Mun kuma ɗanɗana abin daga ɗaya ɓangaren. A watan Satumbar 2017 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa Kamaru ta mayar da 'yan Najeriya aƙalla dubu 100 da ƙarfi tun daga 2015, duk da yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka sa wa hannu da Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Maris na 2017 cewa komawa gida sai da son rai. A tsakiyar Janairun 2019, bayan harin da aka kai garin Rann da ke jihar Borno, mutanen garin suka tsallaka Kamaru, aka juyo da kimanin dubu 9 daga cikinsu. Ranar 28 ga watan aka sake afka wa Rann, Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 60. Wannan shi ne ma'anar mayar da mutum inda ya gudo. Da wane baki za mu yi wa maƙwabta ƙorafi gobe idan mu ma muna aikata irinsa? 'Ya'yanmu da ke Turai ma kotu ce garkuwarsu. Umarnin kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ne ya tsayar da jirgin farko da Birtaniya ta shirya kai masu neman mafaka Ruwanda a watan Yunin 2022, mutanen ba su bar ƙasar ba, sannan a Nuwambar 2023 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce shirin haramtacce ne saboda haɗarin a mayar da su ƙasashen da suka gudo. An tsayar da jirgin tukuna, shari'a ta biyo baya, shi ya sa hukuncin ya yi amfani.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk ɗalibin islamiyya ya san labarin sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha. Ƙuraishawa suka tura Amru ɗan Asi da abokinsa da kyaututtuka ga fadawa, suna so a miƙa musu mutanen ba tare da an ji ta bakinsu ba, fadawan kuma suka goyi baya. Najashi, sarki Kirista, ya ƙi. Ya ce ba zai miƙa waɗanda suka zaɓi maƙwabtakarsa ba sai ya kira su ya tambaye su. Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya yi bayani, sarki ya saurari ɓangarorin biyu, sannan ya yanke hukunci. Aya ta 6 a Suratut Tauba ta umarci a ba wanda ya nemi mafaka mafaka ko da mushriki ne, a kuma isar da shi inda zai aminta. 'Yan'uwanmu Kiristoci da ke cikin wannan roƙo sun tuna mana cewa a littafinsu Masar ce ta ɓoye Annabi Isa yana jariri lokacin da sarki ke neman ransa.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Ka fitar da umarni a rubuce zuwa ga duk hukumomin da ke kama baƙi ko tsare su, cewa wanda buƙatarsa ta mafaka, ko ƙorafinsa, ko ƙararsa ke gaban hukuma ko kotu, ba a fitar da shi daga ƙasar nan. Wanda aka gama da maganarsa kuma a sanar da shi a rubuce, a ba shi lokacin da zai isa kotu ko ya nemi wata ƙasar da za ta karɓe shi. Umarnin minista yana iya tafiya da ministan, don haka muna roƙon ofishinka ya kai wa Majalisar Tarayya gyaran doka da zai fayyace cewa shigar da ƙara kaɗai ya isa ya dakatar da kora har sai an yanke hukunci, ba sai lauya ya yi tseren neman oda ba.

Ga Babban Alƙalin Babbar Kotun Tarayya, muna roƙon a fitar da ƙa'idar aiki ta musamman a kan irin waɗannan ƙararraki. A ware alƙalin da za a iya samu a ƙarshen mako da lokacin hutun kotu don buƙatar gaggawa ta hana kora, ko ta waya ce. A saurari ƙarar a reshen da ya fi kusa da inda mutumin yake zaune, Gombe ko Bauchi ko Yola ko Jalingo ko Maiduguri. A yafe kuɗin shigar da ƙara ga wanda ba shi da hali. A kuma ba alƙali damar duba gundarin maganar, wato ko akwai haɗari a yau idan aka mayar da mutumin, domin garin da ya lafa bara yana iya kamawa da wuta bana.

Ga hukumar 'yan gudun hijira, kowace takardar hanawa ta zo da dalilanta dalla-dalla, da kwafin abin da aka rubuta a ganawa. A karanta wa mutum ita da harshen da yake ji, Hausa ko Fulatanci ko Barbarci ko Larabci ko Faransanci, a gaya masa inda zai kai kuka da kwanakin da suka rage masa, kuma wa'adin ya fara daga ranar da aka yi masa wannan bayani. Waɗanda wa'adinsu ya wuce saboda ba a fahimtar da su ba, irin telan nan, a sake buɗe musu ƙofa. Mace ta gana da mace, tafinta kuma kada ya zama danginta. Kwamitin ɗaukaka ƙara ya riƙa zama a Arewa maso Gabas lokaci-lokaci. A kuma riƙa bayyana wa jama'a duk shekara mutum nawa suka nema, nawa aka ba, nawa aka hana, nawa suka yi nasara da suka ɗaukaka ƙara.

A sa masu neman mafaka cikin waɗanda Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ke tsaya wa kyauta. Duk inda ake tsare baƙi a ajiye littafi mai suna da rana da inda aka kai mutum, kuma lauyoyi da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa su iya dubawa.

Sai hukuncin Maris 2019. Sashe na 287 na kundin tsarin mulki ya wajabta wa kowace hukuma bin hukuncin kotu, kuma kai ne babban jami'in shari'a na ƙasa. Muna roƙon ka fito ka gaya wa 'yan Najeriya matakin da gwamnati ta ɗauka a kan wannan hukunci da wanda za ta ɗauka. Jami'in da ya fitar da mutum alhali ya san akwai umarnin kotu, a tuhume shi da raina kotu da sunansa, kada a bar laifin ya narke cikin sunan ma'aikata.

A namu ɓangaren, akwai tsofaffin tafintoci da malaman makaranta a garin nan da suka yarda su yi aikin fassara kyauta a duk zaman da za a yi a Gombe, masu unguwanni kuma sun yarda su tsaya wa baƙin da suka sani, su kawo su duk ranar da aka neme su. Muna jiran amsarka a rubuce. A shirye muke mu zo Abuja, ko mu karɓi wakilinka a nan mu haɗa shi da mutanen da takardunsu, bisa sharaɗin a ba mu tabbaci a rubuce cewa babu wanda za a kama a wurin wannan zama.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora.

Naka cikin girmamawa,
Wani tsohon tafintan kotu, a madadin masu masaukin baƙi,
Gombe.